Priyanka Chopra: Kyau Ya Buɗe Mata Ƙofa, Aiki Ya Ba Ta Kujera

Cikin duk 'yan matan da suka fito daga gasar sarauniyar kyau suka faɗa harkar fim a Indiya, ban ga wadda ta kama ƙafar Priyanka Chopra ba. Na san masoyan Aishwarya Rai za su taso mini, kuma ba zan yi musu da su a kan kyau ba, Allah ya yi halitta a wurin. Amma ni maganar aiki nake yi. Maganar macen da za ta shigo fim ka manta sunanta na gaskiya, ka manta ta taɓa ɗora kambu a ka, ka koma kana jin haushinta ko kana share hawaye saboda ita. A wannan fagen Priyanka daban take, kuma duk wanda ya bi fina-finanta tun daga farkon shekarun 2000 zuwa yau ya san ba son kai ne ya sa na faɗi haka ba.

An haife ta ranar 18 ga Yuli, 1982, a garin Jamshedpur. Mahaifinta Ashok da mahaifiyarta Madhu dukansu likitocin soja ne, don haka ta tashi irin tashin 'ya'yan bariki, yau ana wannan gari gobe an ɗaure kaya an nufi wancan: Delhi, Lucknow, Ladakh, Pune, har Bareilly, garin da take ɗauka a matsayin gida. Tana da shekara 13 aka tura ta Amurka wurin 'yar'uwar mahaifiyarta don ta yi karatu. A can ta ɗanɗani wulaƙancin 'yan makaranta saboda launin fatarta, abin da ita da kanta ta ba da labarinsa a littafin tarihin rayuwarta mai suna Unfinished da ya fito a 2021. Bayan shekara uku ta tattaro ta dawo gida. Daga gida aka aika hotunanta gasar sarauniyar kyau ta Indiya ta shekarar 2000, ta zo ta biyu, Lara Dutta ta zo ta ɗaya, Dia Mirza ta uku. Abin mamaki, su ukun nan kowacce sai da ta je ta ciyo gasar ƙasa da ƙasa a wannan shekarar. Priyanka ta ɗauki nata kambun na sarauniyar kyau ta duniya a Landan ranar 30 ga Nuwamba, 2000, tana da shekara 18 kacal, ta zama 'yar Indiya ta biyar da ta ci shi.

Mu 'yan Najeriya muna da ɗan rabonmu a wannan tarihin. Da shekara ta zagayo, a Sun City ta Afirka ta Kudu, hannun Priyanka ne ya ɗora kambun a kan Agbani Darego, 'yar jihar Ribas, baƙar fata ta farko daga Afirka da ta taɓa cin gasar. Ku nemi hoton ku gani, 'yan mata biyu ƙanana, ɗaya na miƙa wa ɗaya.

To, a Bollywood an san abin da ake yi da sarauniyar kyau. Kamar kwanukan jere ne a ɗakin amarya: a goge su, a jera su a inda kowa zai gani, amma ba a zuba abinci a ciki. A ba ta waƙa uku, ta canza kaya goma, ta yi kuka sau ɗaya idan bos ya sace ta, jarumi ya zo ya cece ta, shi ke nan. Priyanka ma da haka ta fara, kuma ko hakan bai zo mata da sauƙi ba. Jim kaɗan bayan cin gasar aka yi mata aiki a hanci don cire wani tsiro da ke hana ta numfashi sosai, aikin ya ɓaci, kamannin fuskarta suka sauya. Jaridu suka sa ta gaba da sunayen tsiya, aka cire ta daga wasu fina-finan da ta riga ta sa wa hannu. Yarinyar da fuskarta ce jarinta, ta duba madubi ta kasa gane kanta! Wata da tuni ta koma Bareilly ta rufe ƙofa. Ita kuwa aka yi ta gyaran hancin, ta fito a fim ɗin Tamil mai suna Thamizhan tare da Vijay a 2002, ta karɓi ƙaramin matsayi a The Hero na Sunny Deol a 2003, sannan Andaaz tare da Akshay Kumar da Lara Dutta, wanda ya ba ta kambun Filmfare na sabuwar jaruma. A 2004 ta tsaya tsakanin Salman Khan da Akshay a Mujhse Shaadi Karogi, fim ɗin da gidajen kallo suka sha dariyarsa.

A wannan shekarar ce ta yi abin da ya sa na fara kallonta da wani ido. Ta karɓi matsayin muguwa a Aitraaz. Ku tuna fa, shekararta 22, kuma a lokacin jarumar da ke son a ci gaba da ba ta matsayin amaryar jarumi ba ta kusantar irin wannan rawa. Sonia, wato matar da ta fito a matsayinta, mace ce mai kyan ɗan maciji, wadda ta zaɓi dukiya a kan soyayya, ta auri tsohon attajiri mai kamfanin wayoyi (Amrish Puri ne ya fito a mijin), sannan da tsohon saurayinta ya ƙi biye mata sai ta ƙulla masa sharrin fyaɗe. Kareena Kapoor ce matar kirki, matar saurayin nan, lauyar da ta tsaya wa mijinta a kotu, kuma ta yi ƙoƙari. Amma wallahi idan aka gama fim ɗin Sonia ce ke tsaya maka a rai. Irin kallon da take yi wa mutum daga sama zuwa ƙasa, da yadda take magana a hankali ba ta ɗaga murya, ya fi ihun bosawa goma ban tsoro. Filmfare suka ba ta kambun gwanar mugunta, kuma ta cancanta.

Krrish da Hrithik Roshan, Don da Shah Rukh Khan, duk a 2006, suka kai ta sahun gaba. Daga nan kasuwa ta juya mata baya. Love Story 2050, Chamku, Drona, God Tussi Great Ho, fim bayan fim yana faɗuwa, har masu sharhi suka fara cewa tata ta ƙare. Sai ga Fashion a ƙarshen 2008.

Fashion fim ne na darakta Madhur Bhandarkar a kan duniyar masu tallan kayan ƙawa, wato duniyar da Priyanka ta sani ciki da bai. Priyanka ce Meghna Mathur, yarinya daga Chandigarh da ta bijire wa mahaifinta ta tafi Mumbai don ta zama tauraruwa a kan dandamali. Ta samu abin da take nema, girman kai ya shige ta, ta watsar da waɗanda suka riƙe ta tun tana ba kowa ba, ta faɗa hannun mai kamfani mai aure, ta faɗa shaye-shaye, ta rasa komai. Abin da ya burge ni shi ne tafiyarta. Ku lura da ƙafafunta kawai. Tafiyar Meghna ta farkon fim tafiya ce ta baƙuwa mai ɗari-ɗari, ta tsakiya ta mai jin duniya a tafin hannunta take, ta ƙarshe kuwa, lokacin da aka sanar da ita mutuwar abokiyar aikinta Shonali (Kangana Ranaut) ana dab da kiranta, ta fito gaban fitilu ta sandare, idanu cike da ƙwalla, sannan ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta taka. Mutum ɗaya, tafiya uku, kowacce da labarinta. Akwai wuri guda a fim ɗin da ba zan yafe wa masu shi ba, inda aka nuna cewa ƙarshen lalacewar Meghna shi ne ta farka ta ga baƙar fata a gefenta. Wannan raini ne a gare mu, kuma an yi ta sukar su a kai, daidai ne. Amma aikin Priyanka a fim ɗin ya fi ƙarfin a binne shi saboda wautar marubuta. Ta ci lambar gwarzuwar jaruma ta ƙasa, wadda gwamnatin Indiya ke bayarwa, ta haɗa da ta Filmfare, kuma fim ɗin ya yi kasuwa ba tare da wani babban jarumi namiji ya ɗauke shi ba. Makonni biyu bayan fitowar Fashion, Dostana ya fito, waƙar Desi Girl ta zama laƙabinta har gobe.

Daga nan ta shiga gwada kanta da abubuwa masu wuya. Sweety mai tsiwa a Kaminey. 'Yan mata goma sha biyu ita kaɗai a What's Your Raashee, fim ɗin da bai yi armashi ba amma ya nuna ba ta tsoron wahala. Sai Susanna a 7 Khoon Maaf na Vishal Bhardwaj a 2011, matar da ke neman so tana binne mazajenta ɗaya bayan ɗaya: soja mai baƙin kishi, mawaƙi ɗan ƙwaya, mai waƙen baka da ke da laushin harshe da rana da mugun hannu da dare (Irrfan Khan, Allah sarki), ɗan leƙen asirin Rasha, ɗan sanda, likita. Ta fara fim ɗin tana budurwa ta gama shi tana tsohuwa, kuma ba kwalliyar furfura kaɗai ta tsofar da ita ba, muryarta da zamanta ma sun tsufa.

Amma Barfi! Jama'a, Barfi!

Idan wani ya ce mini Priyanka kyau ne kawai, ba na ja da shi, sai in ce ya je ya kalli Barfi na 2012 ya dawo mu yi magana. Anurag Basu ne ya ba da umarni, labarin yana faruwa a Darjeeling da Kolkata a shekarun 1970. Ranbir Kapoor ne Barfi, saurayi kurma kuma bebe mai son wasa. Priyanka ita ce Jhilmil, 'yar masu kuɗi mai lalurar galahanga, wadda iyayenta ke jin kunyar a gan ta, suka kai ta gidan kula da irinsu suka ajiye. Na rantse da farko ban gane ta ba. Gajeren gashi a cukurkuɗe, kafaɗu a ɗage, kai a karkace, yatsu kullum suna motsi, idanu ba sa yarda su haɗu da na kowa. Matar da duniya ta naɗa sarauniyar kyau ta tuɓe kyan nan gaba ɗaya ta ajiye a gefe, ba ta rage ko ɗan kwalli don 'yan kallo su tuna ko wace ce ita ba. Kuma irin wannan rawa tarko ce. Kaɗan za ka ƙara gishiri ta koma kwaikwayon masu lalura, abin dariya ko abin tausayi na ƙarya. Priyanka ba ta nemi tausayin kowa ba. Jhilmil tana da fushi, tana da taurin kai, tana da kishi, tana da abin da take so da wanda ba ta so.

Barfi ya sace ta ne don ya samu kuɗin yi wa mahaifinsa aikin ƙoda, amma da ya zo mayar da ita sai ta ƙi rabuwa da shi. Yarinyar da ba ta yarda kowa ya taɓa ta, sai ga ta ta saƙala ɗan ƙaramin yatsanta a nasa tana barci. Barfi yana da wata jarrabawa da yake yi wa mutane: ya sare turken fitilar titi, ya tsaya da mutum a kusa da inda zai faɗo, ya ga wanda zai saki hannunsa ya gudu. Kowa gudu yake yi. Jhilmil ko gezau. Sannan ga wurin da ta ga Shruti (Ileana D'Cruz), tsohuwar budurwar Barfi, cikin sari tsaf-tsaf, ta koma ɗaki ita ma tana ƙoƙarin naɗa sari a jikinta, yana zamewa tana sake ja. Ba ta ce uffan ba, amma duk macen da ta taɓa jin wata ta fi ta a idon wanda take so ta san abin da ke cin Jhilmil. Kusa da ƙarshe, da Barfi ya je nemanta yana jefa takalminsa sama saitin tagogi kamar yadda ya saba yi mata alama, bai gan ta ba ya juya zai tafi, sai muryarta ta fito daga baya tana kiran sunansa. Shi ba ya ji. Shruti ce kaɗai ta ji, kuma ita ce za ta zaɓa ko ta faɗa masa ko ta yi shiru ta tafi da shi. Da aka haɗa su, Jhilmil ta zo ta tsaya a gaban Barfi ta tare shi da jikinta, wato wannan nawa ne. Duk taurin zuciyar mutum sai ya motsa a wurin nan. Indiya ta tura fim ɗin gasar Oscar a shekarar, kuma har yau ina jin ciwon cewa Filmfare ba su ba Priyanka kambun ba, duk da ina girmama Vidya Balan da ta ɗauka da Kahaani.

A watan Yunin 2013 ciwon daji ya ɗauke mahaifinta, mutumin da ta sa aka zana rubutun hannunsa a wuyan hannunta. Kwanaki kaɗan bayan rasuwar ta koma bakin aiki, aikin kuma shi ne Mary Kom, tarihin 'yar damben nan ta jihar Manipur, 'yar manomi da ta ci gasar duniya sau da dama, ta haifi tagwaye, aka ce ta gama, ta dawo ta sake ci, ta kuma samo wa Indiya tagulla a wasannin Olamfik na Landan a 2012. Priyanka ta murje jikinta har damatsa suka fito, ta koyi naushi na gaske, kuma kana kallon fuskarta a cikin zoben dambe ka san akwai wani baƙin ciki da take duka wanda ba ya cikin labarin. An soki zaɓenta, aka ce mutanen arewa maso gabashin Indiya kamanninsu daban, me ya sa ba a ɗauki tasu ba? Daga baya ita da bakinta ta amsa cewa da wata daga can ta fi dacewa, kwaɗayin rawar ne ya ja ta. Jarumai nawa ne za su faɗi haka a kan fim ɗin da ya ƙara musu suna?

Yanzu bari in zo kan wadda ta fi kwanta mini, Kashibai.

Bajirao Mastani na Sanjay Leela Bhansali ya fito a Disambar 2015. Sunan fim ɗin ma ya gaya maka na wasu ne: Bajirao (Ranveer Singh), babban waziri kuma sarkin yaƙin daular Maratha a ƙarni na 18, da Mastani (Deepika Padukone), 'yar sarkin Bundelkhand da uwarta Musulma ce. Priyanka ta karɓi matsayin ta uku, Kashibai (Kashi), uwargidan da aka yi wa kishiya. A lokacin tana kan ganiyarta, tana iya cewa ita ba ta fitowa a bayan kowa. Ta karɓa, ta kuma kwashe fim ɗin ta tafi da shi.

Mu a ƙasar Hausa ba sai an yi mana fassarar wannan labari ba. Mun san uwargida, mun san amarya, mun san uwar miji da ta ɗaure wa ɗaya gindi, mun san 'ya'yan da ke ɗaukar faɗan iyayensu mata. Fina-finanmu sun yi ta juya wannan zance, sai dai sau da yawa uwargida ko dai a mayar da ita 'yar bin bokaye ko a mayar da ita salihar da ba ta da bakin magana. Kashi ba ɗaya daga ciki. A farkon fim mace ce mai fara'a da wasa, mai ji da mijinta, wadda idan ya dawo daga yaƙi gidan gaba ɗaya ke cika da murnarta. An gina wani zauren madubai a fadarsu ta Shaniwar Wada a Pune, an tsara shi yadda daga ɗakinta za ta riƙa hango surar mijinta idan yana ciki. Kyautar soyayya ce. Ta wannan madubin ne kuma ta hango shi rungume da Mastani. Ku kalli fuskar Priyanka a wannan daƙiƙar. Murmushin da ta taho da shi bai gama sauka daga leɓenta ba idanunta suka riga suka mutu. Babu ihu, babu fasa kaya, babu zubewa ƙasa.

An ce kishi kumallon mata, kuma Kashi ba ta ɓoye nata ba, ba ta taɓa yi wa Mastani ƙaryar tana sonta ba. Amma da ta ji an shirya kashe Mastani da ɗanta, ita ce ta je ta sanar da Bajirao ya tafi ya cece su. Ita ce ta taka har sashen kishiyar da kayan kyauta ta gayyace ta bikin mata, ta gaya mata magana mai ɗaci a fuska, sannan ta ba ta matsayinta. Lokacin da muke kallon fassarar Hausa ta fim ɗin a gida, da aka zo nan, wata goggona da ta shekara talatin da abokiyar zama ta ajiye carbinta ta ce, "Wannan 'yar halak ce, ta san ciwon kanta." Daga nan aka shiga waƙar Pinga, su biyun suna rawa kafaɗa da kafaɗa. Zuriyar gidan Bajirao sun yi ƙorafi cewa matan fada ba sa rawa a bainar jama'a haka, kuma ta fuskar tarihi suna da hujja. Ta fuskar kallo kuwa, ni idona a kan Kashi yake tun daga farko har ƙarshe, domin tana rawa tana murmushi amma kana ganin abin da murmushin ke dannewa.

Sai wurin da ya fi kowanne. Bajirao ya shigo ɗakinta yana neman ya lallashe ta. Ta gaya masa, cikin murya mai sanyi, cewa da ransa ya nema a wurinta da ta ba shi da murna, amma shi alfaharinta ya ƙwace. Sannan ta roƙe shi kada ya sake taka ɗakinta, tana kashe fitilun ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Ba mijin ta daina so ba, ai da ya kwanta ciwon ajali a sansani ita ce ta tafi jinyarsa, yana ta sambatun Mastani a gabanta, har ta aika a saki kishiyar daga tsare don ransa ya samu sauƙi. Abin da ta ƙi shi ne a mayar da ita abin tausayi a gidanta. Bhansali ya zuba zinariya da dawakai da giwaye a fim ɗin nan, amma abin da ya fi tsada a ciki idanun Priyanka ne. Filmfare suka ba ta kambun mataimakiyar jaruma, ni kuwa a wurina ita ce jarumar.

Abin da zai ƙara ba ka mamaki, a daidai wannan lokacin tana kai da kawowa tsakanin Mumbai da Montreal ta Kanada, inda ake ɗaukar Quantico, shirin talabijin mai dogon zango na tashar ABC ta Amurka. Ta fito a Alex Parrish, sabuwar jami'ar FBI da aka ɗora wa laifin tayar da bam a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York. Ita ce 'yar kudancin Asiya ta farko da ta ja ragamar irin wannan shiri a babbar tashar Amurka, aka yi zango uku daga 2015 zuwa 2018, ta ci kambun zaɓin 'yan kallo sau biyu. Ƙasar da aka tsangwame ta tana 'yar makaranta, ga hotonta a jikin motocin haya da allunan titi. A 2016 gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri. A Disambar 2018 ta auri mawaƙin Amurka Nick Jonas a fadar Umaid Bhawan da ke Jodhpur, aka yi ta surutu a kan ta girme shi da shekara goma, ita kuwa ta ci gaba da harkarta.

Gaskiya tsakani da Allah, Hollywood ba su san abin da suke riƙe da shi ba. Baywatch, Matrix na huɗu, Citadel, Heads of State tare da Idris Elba da John Cena: tana gudu, tana harbi, tana tsalle daga mota, kuma tana yi da kyau, ina kallo ina jin daɗi. Amma wanda ya san Jhilmil da Kashi ya san ana amfani da rubu'in abin da take da shi ne. Shi ya sa na fi riƙe The Sky Is Pink na 2019, labarin gaskiya na iyayen wata yarinya, Aisha Chaudhary, da ta yi fama da ciwo tun haihuwa har ta rasu tana da shekara 18. Priyanka ce uwar. Akwai inda take Landan tana jinyar jaririyar, ta kira ɗanta da ke Delhi daga akwatin tarho na titi, yaron yana kuka malama ta yi masa faɗa don ya zana sama da launin hoda. Yadda ta haɗiye nata kukan ta tabbatar masa cewa samansa nasa ne, ya yi masa launin da ya ga dama, ya isa a ba ta kowace lamba. Haka ma The White Tiger na 2021, inda ta fito a Pinky, matar ɗan masu gida da ke tausayin direbansu da gaske, amma da ta kaɗe yarinya da mota aka tilasta wa direban ya ɗauki laifin, tausayin nata bai wuce ta damƙa masa kuɗi ta gudu ba. Ba ta wanke Pinky ba, ta bar ta da kunyarta.

Ina kuma son ta saboda abin da take yi idan kyamara ta kau. Ita da mahaifiyarta sun kafa kamfanin Purple Pebble Pictures, suka zuba kuɗi a fina-finan harsunan da Bollywood ta danne: Marathi, Bhojpuri, Punjabi, Assam, har da na yankin Sikkim. Ventilator, na harshen Marathi, ya ci lambobin ƙasa uku. Mu da muke da masana'antar fim ta harshenmu a gefen wata babba mun san darajar tauraron da zai waiwayo ya yi haka. Ta fito fili ta ce a Bollywood kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jarumi namiji ake biyanta, kuma sai a Citadel, bayan fiye da shekara ashirin tana aiki, aka fara biyanta daidai da abokin fitowarta. Ta ce ta yi nadamar tallan man hasken fata da ta taɓa yi, domin ita ma tana yarinya an sa ta jin cewa duhun fatarta aibi ne. Ina ma 'yan matanmu da ke ƙona fatarsu da mayukan bilicin za su ji wannan daga bakin wadda ta ci gasar kyau ta duniya da fatar da aka raina. Ta daɗe tana aiki da UNICEF, ta zama jakadiyarsu ta duniya a 2016, ta je sansanonin 'yan Rohingya a Bangladesh, ta je wurin 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan, ta je Habasha, ta je yankin Turkana na Kenya lokacin fari.

Yanzu kuma ga labarin da ya hana ni sukuni: ta koma gida. S. S. Rajamouli, mai Baahubali da RRR, ya ɗauke ta a sabon fim ɗinsa tare da Mahesh Babu da Prithviraj Sukumaran. Mutumin da ya ƙirƙiro Sivagami da Devasena a Baahubali ya san yadda ake ba mace wuri ta tsaya da ƙafarta a tsakiyar yaƙi. Roƙona ɗaya gare shi, kada ya tsaya a ba ta bindiga da waƙa. Ya ba ta wurin da za ta yi shiru kyamara ta matso kusa da fuskarta, ya ga abin da zai faru. Masu fassara kuma ku fara gyara murya tun yanzu, ku nemo wadda za ta iya ɗaukar muryar Priyanka, don ranar da fim ɗin nan ya sauka ba za mu yi muku haƙurin ko kwana ɗaya ba.